Munkaila da Tsagar da ke Cikin Darkas

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Mai girma shugaban Hausawan Guangzhou, Allah ya ƙara maka lafiya. Liman, Allah ya gafarta malam. Shugabannin 'yan'uwanmu na Nijar da na Gana, dattawan kasuwar Tianxiu, masu kargo, da ɗalibanmu da suka baro darasi suka zo. Hajiya Zalika, wadda takaba ta riƙe a gida a unguwar Dengfeng, an ce mini an buɗe miki waya kina ji. Salihu, ɗana. Jama'a, assalamu alaikum.

Ku yi mini uzuri, a zaune zan yi magana, kuma daga takarda. Ƙafafuna ba sa ɗaukata kamar da, numfashina ma guntu ne. Sunana Dogara, amma yawancinku da Baba Akawu kuka san ni, tsohon nan da ke zama a lungun shagon marigayi yana duba littattafan kayan mota. Na yi elementare tun zamanin Turawa, na yi aikin akawu, daga baya na kama tuƙi a hanyar Sahara. A can na san marigayi Alhaji Munkaila, shekara hamsin ke nan. Duk wanda ya san mu a wancan zamani ya rigaya. Ni kaɗai na rage, shi ya sa aka ba ni wannan kujera.

Kafin in fara, ku san abin da ke kaina. Marigayi ya bar mini saƙo zuwa ga Salihu, ɗan ƙanensa da ya yi rainonsa tun yana jinjiri. Shekaranjiya na isar. Saƙon neman gafara ne. Salihu ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Baba Akawu, a gaban mutane aka faɗa wa uwata ƙarya. Ka faɗi gaskiyar a gaban mutane, a rubuce, a kai mata Kano a karanta mata. Idan ka yi haka, na yafe wa Baba." Saboda haka gafarar mutumin da muka taru yi wa addu'ar arba'in tana rataye a bakina yau. Idan kun ga na tsaya, ku ba ni ruwa, amma kada ku ce in bari.

Munkaila ya kasance uba gare mu a garin da babu mai uba a cikinsa. Shekara tara da suka wuce ya zo nan ƙasar Sin, lokacin da Hausawan unguwar Xiaobei ba su cika sahu biyu ba. Wa ya sauka daga jirgi bai san inda zai dosa ba, aka rasa kai shi wurin Munkaila? Wa ya rasu a cikinmu, ba Munkaila ne ya yi masa wanka ba?

Ya kasance mai kunne. A kawo masa ƙarfen mota sabo fil a kwali, ba ya duba tambari. Sai ya ɗaga shi, ya ƙwanƙwasa da zobensa, ya kai kunne. Wani lawban mai kanti, wato maigida a yaren Sinawa, ya taɓa rantsuwa cewa kayansa na asali ne. Munkaila ya ƙwanƙwasa, ya miƙa masa, ya ce da Hausa, "Ka gaya wa wannan ƙarfen, domin shi bai san na asali ne ba." Mutumin bai ji Hausa ba, amma ya shiga ciki ya fito da wani.

Ya kasance mai tsayawa. Kun tuna watannin da suka gabaci wasannin Olympics na bana, da aka tsananta binciken fasfo, sabunta biza ta gagara, shaguna suka yi ta rufewa a Tianxiu. Munkaila, da ciwon sukarinsa, shi ke bin ofis-ofis da tafinta, shi ke riƙe mabuɗan waɗanda suka tafi, shi ke lura da kayansu har su dawo. Ni kaina, da matata ta rasu na zauna ni kaɗai a Fagge, shi ya aiko aka ɗauko ni. Ya ce yana bukatar mai karanta masa tsofaffin lambobin kaya. Na san ba ya bukata. Ya haddace su duka.

Ya kasance kuma mai taurin kai a kan abu guda, kuma nan ne maganar tawa take.

Yaran yanzu ba za su gane yadda direban Sahara ke riƙe motarsa ba. A zamaninmu ƙungiya-ƙungiya muke. Ga 'yan Landiroba, ga mu 'yan Toyota da muka shigo daga baya da ɗoki, ga kuma 'yan Darkas. Darkas mota ce ta wani ƙaramin kamfanin Turai da ya daɗe da mutuwa, doguwa, mai launin rairayi. Munkaila ne babbansu. Kowace ƙungiya da rumfarta, da tukunyar shayinta, da irin zagin da take yi wa sauran. Mu muna cewa Darkas jaka ce da aka saya wa gilashi. Su suna cewa Toyota gwangwanin madara ce. Babban abin alfaharinsu shi ne, ba a taɓa ɗaure Darkas a bayan wata mota an ja ta ba.

Duk da haka muna da doka ɗaya da ta haɗa mu. Idan mota ta wuce ranar isowarta da kwana uku, kowa zai sauke kayansa, a cika durom da ruwa, a fita nema. Amma ba a motsawa sai babban ƙungiyar mai motar ya tsaya a tsakiyar tasha ya ce da bakinsa, "Mota ta ɓata." Idan ka fita neman wanda ba a ce ya ɓata ba, ka zagi motarsa ke nan, ka zagi ƙungiyarsa.

A shekarar 1978, muna Dirku, a Saharar Nijar. Abdulbaƙi, ƙanen Munkaila, mahaifin Salihu, ya taso daga Agadas shi kaɗai a Darkas ɗinsa ranar Asabar. Litinin ya kamata ya iso. Bai iso ba. Alhamis ta zo, ranar da doka ta ce a yi shela. Motar Munkaila na kan duwatsu an cire mata ƙafafu, babu wata Darkas a tashar. Motocin da za su iya fita namu ne. Idan ya yi shelar, Toyota ce za ta jawo Darkas a gaban kowa.

Bai yi ba. Ya ce Abdulbaƙi ya san hanya, ƙila ya ratsa ta wani zango. Mu kuwa muka zauna a rumfarmu, duromominmu a cike, muna jira a roƙe mu.

Kwana biyar muka ƙara. Ran Talata ya tsaya a tsakiyar tasha, ya ce, "Mota ta ɓata." Kwana biyu muka yi muna nema. Muka same ta kudu da hanya, a tsaye kan ƙafafunta huɗu, ƙarfen da ke juya na baya ya karye. Abdulbaƙi na zaune a kujerar direba, hannunsa bisa sitiyari, kamar mai jiran a buɗe masa hanya. Jikinsa bai ko bushe ba. A ƙarfen gabansa, wanda ake cewa dashbod, ya yi ta tsaga layi da sukudireba, kowace rana ɗaya. Goma sha ɗaya muka ƙirga. Na farko dogaye ne, masu zurfi. Na ƙarshen bai kai rabin ɗan yatsa ba.

Muka binne shi a wurin. Muka ɗaure Darkas a bayan motata. Da muka isa Kano, muka gaya wa matarsa Fasuma, tana da cikin Salihu wata bakwai, cewa motar ta kife ne daga kan tudun rairayi, ya cika nan take, bai wahala ba. Munkaila ya samo fatar rago ya manne a kan dashbod ɗin, ya kulle motar a bayan gidansa. Shekara talatin ba mu sake tayar da maganar ba, ko tsakaninmu. Amma gardamar mota ba mu daina ba. A nan Xiaobei ma kun sha jin mu a kan shayi, tsofaffi biyu ba haƙora, muna musu kan motocin da tuni suka zama ƙarfen bola.

To, kun ga yadda masu ƙera motoci suka shiga tono sunayen da suka binne da kansu, suna liƙa wa sababbin motoci, domin duk wanda mahaifinsa ya hau irinta ya ji zuciyarsa ta motsa. Bara wani mai masana'anta a bayan garin Foshan ya sayi sunan Darkas, yana so ya yi gogayya da manya a kasuwar Afirka. Ya sami suna, bai sami zane ba, takardun kamfanin sun salwanta. Yana neman mota guda cikakkiya da zai kwaikwaya. Da labarin ya zo shago, ni na buɗe baki na ce, "Munkaila, ko gawar motarku ba a samu ba a duniya." Ya dube ni ya ce, "Akawu, za ka gan ta da idonka tana wuce Toyota a titin Zariya." A makon nan ya sa aka fito da motar Abdulbaƙi daga bayan gida, aka loda ta a kwantena.

Duk ɗan kasuwar da ke ɗakin nan ya san yadda muke ba da samfur. Ka ba da abu mai kauri, a kawo maka mai sirara. Ka ba da ƙarfe, a kawo maka roba. Shi ya sa muke ja musu kunne da kalmar nan tamu, sem-sem, wato iri ɗaya sak. Munkaila ya fi kowa tsanani a kan haka. Ina zaune ya sa tafinta ta maimaita wa lawban ɗin masana'antar sau uku: "Kada ka gyara komai. Kada ka yi mata wayo. Abin da ka gani, shi za ka yi." Har ya sa aka rubuta, aka buga hatimi.

A cikin makon farko na wasannin Olympics aka kira mu mu ga motocin farko. Da tsakar rana muka isa, zafi mai ɗanshi, riga na manne wa mutum a baya. Ma'aikata duk sun tafi ɗakin cin abinci kallon talabijin, sai ihunsu muke ji daga nesa, yana tashi yana faɗuwa. Filin babu kowa. Motoci talatin da shida a jere, suna fuskantar mu.

Na tsaya cak. Motar Abdulbaƙi tana da fitilar hagu da ta ɗan sunkuya, tun ranar da ya bugi kututturen dabino a Bilma. Duka talatin da shidan fitilarsu ta hagu a sunkuye take. Dukansu suna duban mu da ido ɗaya a ƙasa.

Munkaila ya yi dariya, amma ba ta yi nisa ba. Ya kama ƙofar ta farko, ta ƙi buɗewa, sai da ya ɗan ɗaga ta sama, yadda ake yi wa waccan. Ya shiga ya zauna. Na ga kafaɗarsa ta karkata dama. Abdulbaƙi a karkace yake tuƙi saboda wani tsohon ciwon ƙugu, har kujerarsa ta lotsa gefe guda. Sun auna lotsawar, sun zuba sabon soso a kanta. Sabuwar kujera, ledarta ba a cire ba, amma da gurbin mutum a ciki.

Sannan ya ɗaga ido ya dubi dashbod. Sun ɓare fatar ragon kafin su ɗauki awo.

Tsagogin nan goma sha ɗaya suna nan. Ya kai yatsa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, daga dogon har zuwa guntun. Ya fito, ya buɗe mota ta biyu, ya kai yatsa. Ya buɗe ta uku. Ina binsa da sandata ina cewa, "Munkaila, ya isa. Munkaila, rana." Bai ji ni ba. Duka ya buɗe, ya bar ƙofofin a buɗe a bayansa. Da na waiwaya, na ga layin motoci kowace da ƙofar direba a wangale, kamar yanzu masu su suka sauka.

Lawban ɗin ya fito yana goge baki, yana murmushi. Ya ga inda yatsan Munkaila yake, ya ce, "Sem-sem, lawban!" Tafinta ta ce sun ɗauka alamar kamfanin ce ta asali. Ta ce sun ma yi sha'awarta, suna tunanin sa ta a takardar talla.

A cikin jirgin ƙasa muna dawowa, Munkaila ya ce, "Akawu, na rufe abu ɗaya shekara talatin, yau an buɗe mini talatin da shida. Kuma injin da ke buga su yana nan." Daga ranar bai ƙara cin abincin kirki ba. Ya daina zuwa shago. Idan na je gaishe shi, sai in tarar yana shafa hannun kujera da yatsa, yana tsayawa, yana sake farawa. Ya nemi Salihu ya zo, ya ce ba maganar waya ba ce. Biza ta ƙi fitowa. Ran shida ga azumi, bayan la'asar, ya kama hannuna ya ce, "Ka gaya masa ni ne. Ka ce girman kaina ne ya kashe ubansa, ban yi shela ba. Ka ce ina roƙonsa." Bai kai magariba ba.

Salihu ya iso makon jiya. Ya je ya ga motocin, ya ce kujerar direban ce ta fi burge shi, kamar an auna jikinsa. Tsagar kuwa ya ɗauka kuskuren masana'anta ce, ya ba da umarni a goge ta kafin a loda jirgi. Shi ya sa ban ƙara kwana ba. Na ce ya kai ni filin. Na zaunar da shi a mota, na gaya masa hannun wa ke nan. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni, "Na ƙarshen nan, me ya sa ya gajarta?" Na kawar da kaina. Ya kira lawban ya ce a dakata da gogewar, sai uwarsa ta gani.

Wannan shi ne saƙon Munkaila, kuma na faɗe shi yadda ya ba ni. Da zan iya tsayawa nan. Amma akwai abin da bai sa a cikin saƙon ba, ni ma ban gaya wa Salihu shekaranjiya ba.

Salihu, ka dube ni. Ran Juma'a, kwana ɗaya bayan ranar da ya kamata a yi shela, babanka Munkaila ya zo rumfarmu. Ɗan Darkas bai taɓa taka ta ba sai ranar. Ya yi sallama, ya tsaya a bakin inuwa, hularsa a hannu. Na san abin da ya kawo shi. Kowa a rumfar ya sani. Da na ce masa, "Zauna, mu tashi yanzu," da mun sami mahaifinka da tsaga takwas a gabansa da sauran ruwa a jarkarsa. Amma na ɗaga kofin shayi, na ce da ƙarfi don mutanena su ji, "A'a, Sarkin Darkas! Aron igiya ka zo?" Aka fashe da dariya. Ya mayar da hularsa, ya juya.

Tsaga ukun ƙarshe, har da guntuwar nan da ka tambaye ni, nawa ne, ni na jawo su.

Ku ji irin mutumin da muka rasa. Shekara talatin bai taɓa tuna mini wannan kalma ba, ko a cikin fushi, ko a cikin wasa. Ya ciyar da ni, ya biya mini likita, ya zauna da ni ina zagin motarsa. Da ya zo mutuwa, ni ya zaɓa in kai saƙonsa, ya kuma cire sunana daga ciki da hannunsa. Ya buɗe mini hanyar da zan fita salin-alin. Ya kasance mai ɗaukar nasa laifi, ya ɗora na abokinsa a kai.

Hajiya Zalika, ki yi haƙuri da abin da kika ji ta waya. Mijinki ya yi kuskure na kwana biyar, ya yi shekara talatin yana tarbar duk wanda ya ɓata a baƙon gari tun kafin a roƙe shi. Yanzu kin san dalili.

Salihu, ka ce idan na faɗa a gaban mutane ka yafe masa. Ga mutane, na faɗa, ban rage komai ba. Ina roƙonka ka cika masa. Nawa ban roƙe ka yau ba, domin yanzu ka ji shi, kuma ba a neman amsa a wurin wanda bai gama ji ba.

Fasuma, ke da za a karanta wa wannan takarda a Kano, ni ne wanda ya zauna a zaurenku ya ce miki bai wahala ba. Ya wahala. Ya jira mu kwana goma sha ɗaya, yana zaune, fuskarsa na kallon inda za mu ɓullo. Za a gaya miki Akawu ya tsufa, ba shi da lafiya, ki yi sauri ki yafe masa kafin ya mutu. Kada ki yi sauri saboda ni. Ina ɗakina a Dengfeng, wayata na kusa da ni. Idan kin kira, alhamdu lillahi. Idan ba ki kira ba, ba ki zalunce ni ba.

Ina gode wa shugabanninmu, da liman, da mai wannan gidan abinci da ya ba mu bene kyauta, da ku duka da kuka rufe shaguna a tsakiyar makon baje koli kuka zauna kuka saurari tsoho har ƙarshe.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Munkaila, ka yalwata masa kabarinsa a wannan ƙasa mai nisa, ka karɓi tubansa. Ya Allah, ka jiƙan bawanka Abdulbaƙi, ka shayar da shi daga tafkin Annabinka, shan da babu ƙishirwa bayansa. Ka haɗa 'yan'uwan biyu a inda babu riƙo a zukata. Ka ba Zalika da Fasuma da Salihu haƙuri. Ni kuma, ya Ubangiji, kada ka ɗauke ni sai da imani.

Liman, a shafa mana fatiha.